Fuska ta Biyar a Bangon Kulob

Litinin, 9 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

Na ɗora ruwa, na cika ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu mai ɗaci, na sha nawa, na sake cikawa na miƙa gefen dama. Sai da hannuna ya gaji sannan na tuna babu kowa a kujerar. Na shanye na biyun ma, ai ba a zubar da mate.

Yau kwanan matata Nelida shida a asibiti. Mirta, 'yarmu, ta zo daga Rosario, ita ta sayo mini littafin nan. Ta ce, "Baba, tunda babu wanda za ka cika wa kunne, cika wa takarda." To, ga ni ina cikawa.

Likita ya yi dogon bayani, na gyaɗa kai a inda ya kamata. Shanyewar ɓarin jiki: hannun dama, ƙafar dama, da magana. Sauran kuma a jira.

Talata, 10 ga Fabrairu, da yamma

Na leƙa kulob ɗinmu na wasanni don kada a ce na ɓuya. Na tarar an kankare babban bangon nan mai kallon kogi, an shafe shi fari fat. Bana kulob ke cika shekara ɗari, kwamiti ya yanke a zana fuskokin gwanaye biyar, waɗanda suka fi kowa a wasanni tun da aka kafa ƙasar nan. Huɗu babu gardama: 'yan ƙwallo biyu, direban motar tsere, da ɗan dambe. Ko jariri ya san su. Gurbi na biyar ake ta ja-in-ja a kai, za a ɗaga hannu ranar ashirin da takwas ga wata.

Ashe Mirta ta riga ta kai sunan uwarta, ba ta gaya mini ba.

Anselmo, mai aski kuma shugaban kulob, ya ja ni gefe. "Don Eulogio, yaya jikin Doña Nelida?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Kada ka ɗauka ina ƙin ta. Sau tara a jere ta cinye tseren kogi, maza na bayanta suna shan ruwan ƙafarta. Da idona na gani, ina bakin gaɓa ina ɓare lemo. Amma bangon nan na duk zamani ne fa. Iyo kuwa... ka dai gane."

Na ce na gane. Ban gane ba. Amma Anselmo mutum ne da in ka ce masa ba ka gane ba, abincinka sai ya huce.

Laraba, 11 ga Fabrairu, tsakar rana

Zafi. Kogi ya ƙaru da taƙi biyu. Nelida ta buɗe ido ta dube ni, ta rufe.

Juma'a, 13 ga Fabrairu, da hantsi

Mirta ta tare ni a barandar asibiti da takarda a hannu, kamar lauya. Ta kwashe kwana biyu tana tono tsoffin jaridu.

"Kilomita hamsin da biyu, Baba, daga gadar Paso Viejo zuwa matsayar jiragenmu. Shekara tara babu wanda ya taɓa zuwa kusa da ita. Wanda ya fi matsowa, minti arba'in ta ba shi. Shekarar da aka yi iska, mutum ashirin da shida suka faɗa ruwa, ita kaɗai ta fito da ƙafarta."

Na ce, "Ina wurin ai."

"Shi ya sa kai za ka tashi ka yi magana ranar taro. Kai ne a kwalekwale duk tara ɗin."

Na ce mamanki ba ta damu da bango ba. Ta ce, "Ban tambaye ka abin da ta damu da shi ba." Haka uwarta ke yi mini shekara arba'in da huɗu, har karkata kan ɗaya ne.

Sai ta rage murya. "So nake ta gani da idonta, Baba. Ka san abin da nake nufi."

Na ce ban sani ba. Na tafi neman kofi.

Asabar, 14 ga Fabrairu, da yamma

Na je aski. Kuskure na yi, don Asabar ce, shago cike, kuma kowa ya zo da bakinsa.

Anselmo na goga mini kumfa yana wa'azi. "Ƙwallo duk duniya ke bugawa. Wanda ya fi kowa a ƙwallo ya fi mutane miliyoyi. Ita fa? Ta fi mutum talatin da suka rasa abin yi ranar Lahadi."

Ƙato Benitez, mahauci, yana kan benci ya cinye wurin mutum biyu. Ya ce, "Kai ka taɓa yin awa tara kana abu ɗaya? Ban da surutu."

"Ruwa ke tura ta, Ƙato. Jefa gungume a Paso Viejo, zai iso nan da kansa."

"Zai iso. Ranar Laraba."

Aka yi dariya. Wani ya ce ɗan ƙwallo da mutum goma yake cin wasa, amma ba a zana su goman. Wani ya ce ɗan dambe dukansa ake yi, ita wa ya taɓa dukanta? Ƙato ya ce kogi. Anselmo ya bari suka gama, sannan ya ɗaga aska sama, alamar babbar magana za ta fito.

"Ku bar duk wannan. Mai iyo makaho ne. Kanta na cikin ruwa, me take gani? Laka. Mai kwalekwale ke zaɓar hanya, shi ya san inda ruwa ke gudu da inda yake barci, ya ɗaga tuta, ita ta bi. Ga mai idon nan a kujerata. Tun daga nan har teku babu wanda ya karanci kogin Parana kamar Don Eulogio. Rabin kofunan nan nasa ne. Ni kuwa ba na sa rabin gwani a bango."

Duk suka juyo suna kallona. Aska na maƙogwarona. Na ce, "Kai dai, Anselmo."

Zan rubuta gaskiya tunda takarda ba ta zuwa shagon aski: na ji daɗi.

A hanyar gida wata tatsuniyar kakata ta faɗo mini. Can ƙasarmu ta tudu, inda rijiya ke da zurfin igiya uku, takan ba mu labarin wani ɗan tsuntsu da ya hau bayan saniya a shekarar fari. Saniya na tafiya tana shinshina iska. Duk inda ta juya, sai tsuntsu ya yi ihu, "Nan! Nan!" Dabbobi suka bi su har bakin tafki, suka sha, suka yi layi suna gode wa tsuntsu. Ban san yadda ta ƙare ba, kullum barci ke kwashe ni a daidai wurin.

Litinin, 16 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Mai zanen bangon ta ce kowa ya kai hoton wanda yake so, ko da za a zaɓe shi. Mirta ta sauko da akwatin kwali daga saman kabad, muka baje a kan tebur.

Hoto sittin da wani abu. A kowanne ga ni tsaye a kwalekwale, farar riga, hula a karkace, tuta a sama, ƙirji a buɗe. Can gefe, a cikin ruwa, wani ɗan baƙin ɗigo. Ɗigon ne Nelida.

Mirta ta daɗe tana juya su. Ta ce, "Ka yi kyau, Baba."

A ƙarshe na ranar aurenmu ta ɗauka, ta sa almakashi ta cire ni.

Laraba, 18 ga Fabrairu, da yamma

Ƙato ya zo gida da tsokar nama a takarda. Bana 'yarsa Zulema za ta shiga tsere, shi zai tuƙa mata. Ya zauna, kujera ta yi kuka, na miƙa masa mate.

"Don Eulogio, kogi ya cika. Tsibirin Awaki, ta dama zan bi ko ta hagu?"

Na lumshe ido, na shafa haɓa, na ce abin da nake cewa shekara talatin da biyar duk wanda ya zo da irin wannan tambaya, masunci ne ko mai tsere: "Bari in kwana a kai."

Ya tafi yana murna. Naman yana nan, ban gasa ba.

Alhamis, 19 ga Fabrairu, tsakar rana

Kalmomin Nelida uku yanzu: a'a, ruwa, Mirta. Sunana bai iso ba tukuna, yana da tsawo.

Na jira Mirta ta fita, na matso da kujera. Na ce, "Tsohuwa, kogi ya hau taƙi biyar. Kainuwa na saukowa ta gefen gabas. Tsibirin Awaki, dama ko hagu?"

Idonta ya yi haske, kamar yadda yake yi a teburin cin abinci in na kawo mata irin wannan. Ta sani. Na rantse ta sani. Baki ya motsa, abin bai fito ba. Ta sake. Hannun hagu ya kama zanen gado ya murɗe. Fuskarta ta yi ja, injin da ke gefenta ya fara ƙara, nas ta shigo da gudu ta ce in fita.

Bai kamata in tambaye ta ba.

Juma'a, 20 ga Fabrairu, da safe

An mayar da ita ɗakin da mutum ɗaya kawai ke shiga, minti goma. Likita ya ce ba abin da na yi ba ne. Mirta ba ta tambaye ni abin da na yi ba.

Asabar, 21 ga Fabrairu

Minti goma.

Lahadi, 22 ga Fabrairu, da hantsi

Na je coci, na kunna kyandir, na zauna a baya. Daga nan asibiti. Minti goma. Mirta ta ɗauki bakwai.

Litinin, 23 ga Fabrairu, da yamma

Ƙato ya tare ni a ƙofar shagonsa, hannu duk jini. "Don Eulogio, ka kwana?" Na ce, "Ban sani ba, Ƙato." Ya fashe da dariya, ya ce tsohon nan akwai rowa, sai ana gobe tsere zai faɗa. Ya ƙara mini da ƙashin miya.

Talata, 24 ga Fabrairu, ƙarfe shida na safe

Yau ban ɗora ruwa ba. Bari in rubuta shi sau ɗaya, in ga yadda yake a rubuce.

Ina ɗan shekara ashirin da uku na zo garin nan aikin jirgin ƙasa. Kafin nan ban taɓa ganin ruwan da ya fi tsayina faɗi ba. Nelida 'yar masunta ce, a tsibiri ta tashi. Ta so shiga tsere, masu shiryawa suka ce mace ba ta shiga sai da namijin da zai ja mata gaba a kwalekwale, ya ɗauki alhakinta. 'Yan'uwanta suka ƙi, wai abin kunya ne. Ni kuwa lokacin ko wuta ta ce in tuƙa a ciki zan tuƙa. Wata biyu ta yi tana koya mini riƙe filafili.

Ana gobe tsere na ce mata, ni fa ban san hanya ba. Ta ce, "Wa ya ce ka sani? Ka dubi ƙafata. In na daki ruwa sau biyu da ta dama, ka karya dama. In da ta hagu, hagu. Sai ka ɗaga tutar nan taka don mutanen gaɓa su samu abin kallo."

Da fatarta take jin kogi. Ta ce ruwan da ke gudu ya fi sanyi a ciki da cinya, wanda ke kwance kuwa ɗumi gare shi kamar miya, kuma ɗanɗanonsu ba ɗaya ba ne. Awa tara tana iyo, tana lissafin hanya, tana tuƙa ni. Aikina in miƙa mata kofi a bakin sanda duk rabin awa, in kuma kula kada kwalekwale ya taɓa ta, don in ya taɓa ta an cire ta.

Washegari jarida ta rubuta, "Idon matashin matuƙi ya kai mace ga nasara." Muka karanta a kan gado, muka yi dariya har ta faɗo ƙasa. Ta ce a bar su. Muka bar su. Shekara ta biyu ma aka bar su. Daga nan na fara zama Don Eulogio, kiran girmamawa da ake yi wa manya. Da ta daina tsere na ce ba zan ƙara tuƙa wa kowa ba, aka ce kai, ga mutum mai amana. Mai tambaya ya zo, in ce bari in kwana a kai, in tambaye ta muna cin abinci, da safe in fita in shafa haɓa.

Ban yi sata ba. Ba ni na rubuta jaridar ba. Amma ranar Asabar abu ɗaya ne ke tsakaninta da bangon nan, kuma ni ne.

Na karanta abin da na rubuta. A rubuce ma bai yi kyau ba.

Alhamis, 26 ga Fabrairu, da yamma

Ta dawo ɗakin kowa. Ta sha romo cokali shida. Kalmomi na dawowa ɗaya-ɗaya, kamar awaki da yamma. Ta ce wa nas "sannu". Ni ta ce mini "aski", don gemu ya fito. Na ce ba na zuwa wurin Anselmo kwanan nan.

Juma'a, 27 ga Fabrairu, tsakar rana

Na goge farar rigata. Na ƙona gefen aljihu.

Asabar, 28 ga Fabrairu, da magariba

Mutum hamsin da uku suka zo, aka buɗe tagogi duka, fanka na juya zafi. Masu son ɗan ƙwallo na uku suka yi magana. Mirta ta karanta takardarta, aka tafa mata tafin ladabi. Anselmo ya maimaita maganar rabin gwani, ya ƙara mata gishiri, har ya ce in ana son adalci ni ya kamata a zana. Aka tafa da ƙarfi. Sannan ya ce, "Don Eulogio, ko kana da abin cewa?"

Na tashi. 

Na faɗa musu. Ƙafar dama, ƙafar hagu, tuta, jarida, teburin cin abinci. Ban yi sauri ba, ban kuma yi ado ba, ko da yake an san ni da ado.

Da farko dariya suka yi, sun ɗauka irin labaraina ne. Wani ya ce, "Tsoho na son matarsa!" Anselmo ya ce, "Don Eulogio, mun san halin da kake ciki, ba sai ka yi wa kanka ƙarya ba."

Na ce, "Anselmo, ga kogi nan a bayan taga. Ku ɗauke ni ku jefa. Ko iyo ban iya ba."

Nan dariya ta tsaya.

Ƙato ya miƙe a hankali. "Shekara talatin da biyar ina tambayar ka inda kifi yake."

"Kana samu?"

"Ina samu."

"To, asibiti, ɗaki na sha huɗu, hawa na biyu. Ka je ka yi godiya."

Ya tsaya yana kallona, bakinsa a buɗe. Sai ya juya wajen jama'a. "Wato tana iyo, tana neman hanya, tana kuma jan wannan tsohon a baya kamar jaka? Sau tara?" Ya dubi Anselmo. "Kawo mini ɗan ƙwallon da ya taɓa cin wasa yana goye da kocinsa."

Anselmo ya ce iyo dai iyo ne, ba zai sauya ba, kuma bai sauya ba. Na girmama shi a kan haka. Aka ɗaga hannu, masu son Nelida da masu ƙi. Arba'in da shida da bakwai.

Muka fito ni da Mirta. A hanya ta saƙala hannunta a nawa, muka yi tafiya. Can ta ce, "Tun ina 'yar shekara goma nake jin ku ta bangon kicin, Baba." Na ce to me ya sa ba ta faɗa a taro ba? Ta ce ba sirrinta ba ne.

A kwanar kasuwa wani masunci ya ɗago hannu, "Don Eulogio, gobe ruwan nan..." Sai ya tuna, yana cikin taron. Ya ce, "A gaida Doña Nelida." Na ce za ta ji.

Lahadi, 1 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Na same ta a zaune, an jingina ta da matasai uku, an taje mata kai. Na ja kujera na ba ta labari tun daga farko, har da abin da Ƙato ya ce. Tana ji, gefen bakinta mai motsi yana ɗan ɗagawa.

Da na zo wurin ƙafar dama da ta hagu, sai murmushin ya ɗauke. Ta daɗe tana haɗa kalmomin, na jira, ban taya ta ba, don ta tsani a taya ta.

"Wa... ya sa ka?"

Na ce babu.

"Namu... ne."

Na ce na sani, tsohuwa. Na ce ki yi haƙuri, shi kaɗai nake da shi da zan bayar. Ta juya fuska wajen taga, ni kuma na dubi takalmana.  Mai shara ta shigo, ta share ƙarƙashin gado, ta fita.

Sai na ji hannun hagu ya damƙi wuyan hannuna. Ƙarfin yana nan.

"Na ci?"

"Kin ci. Jibi za a fara zanen."

"Nawa?"

"Arba'in da shida da bakwai."

Ta lumshe ido. Na ɗauka barci ne, har na fara zare hannuna a hankali. Ta ƙara damƙewa, ta buɗe ido tar a kaina.

"Bakwai ɗin," in ji ta. "Su wa?"